Masu Sayar da Laftof: Sana'ar da Ke Farawa da Tambaya

Duk wanda ya ce zai sayi laftof a Kano, wuri biyu za a fara nuna masa: Titin Beirut da kasuwar Farm Centre. A Abuja Banex za a ce masa, can Wuse 2. A Legas kuwa Computer Village ce da ke Ikeja, uwa ma ba da mama, domin kaya da yawa da ke shagunan Arewa ta can suka biyo. Shagunan ba su cika girma ba. Akwatin gilashi a gaba, kanta biyu ko uku a jikin bango, fanka, ɗan tebur cike da sukurdireba da cajoji, sai mai shago da yaransa. Wanda ya leƙo daga waje zai ɗauka saye da sayarwa ne kawai. Amma mai sayen atamfa a Kantin Kwari yana murza ta da yatsunsa ya san zarenta, mai sayen laftof kuwa murfi da allo kaɗai yake gani. Duk abin da kuɗinsa zai saya yana ciki, an ɗaure shi da noti, sai abin da mai shago ya faɗa masa. Shi ya sa ilimi da amana ne jarin wannan sana'a tun kafin a zo maganar kuɗi.

Masu saye iri uku ne. Akwai wanda kuɗinsa kaɗan ne, duk wadda ta kunna ta yi masa. Akwai mai hali, wanda zai nuna mafi tsada ya ce a saka masa a kwali. Waɗannan biyun ba sa gajiyar da mai shago. Gwanintarsa tana fitowa ne a kan na tsakiya: ɗalibar da iyayenta suka haɗa mata kuɗi za ta shiga aji uku a jami'a, malamin makarantar da ya ɗauki adashi, saurayin da yake zana katin biki da allon talla yana son ya daina aron kwamfutar abokinsa, yarinyar da ta fara tace bidiyo a waya ta ga wayar ta yi mata kaɗan. Kuɗinsu ya isa su sayi abin kirki, amma bai isa su yi kuskure su sake saye ba. Kuma kusan dukkansu ƙarama suke so, mai inci 13 ko 14, wadda za ta shiga jaka a hau adaidaita sahu da ita ba tare da kafaɗa ta sage ba.

Yawancin kayan da ake kawo wa wannan rukuni na hannu ne, waɗanda ake ce wa Landan yus ko tokumbo. Bankuna da kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka kan sayi laftof ko su yi hayarta ga ma'aikatansu na shekara uku zuwa huɗu, wa'adi na cika su sauya, tsofaffin a sayar da su a dunƙule. Dillalai su tantance su, su raba su daraja-daraja, daga wadda ko ƙwarzane babu zuwa mai tabo a allo ko tsaga a gefe. Wasu su biyo ta Dubai, wasu kai tsaye su sauka Legas ta jirgin ruwa ko na sama. Dalilin da ya sa sunaye uku suka cika kantocin ke nan: EliteBook ta HP, Latitude ta Dell, da ThinkPad ta Lenovo, wadda asalinta ta IBM ce kafin Lenovo ya sayi sashen kwamfutocin kamfanin a 2005. An ƙera su ne domin ofis, domin a buɗe a rufe kullum na tsawon shekaru, kuma a iya kwance su a sauya abin da ya lalace. Kayan gyaransu ma sun wadata a kasuwa, tunda dubbansu aka shigo da su.

Da dala ake sayo su, don haka mai shago yana duba farashin canji kafin ya buɗe baki. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da a hukumance take wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da kayansa a tsohon farashi ya koma saro sabo sai ya tarar kuɗin laftof goma ba za su kawo biyar ba. Masu saye ma suka ja baya, wanda da zai sayi sabuwa ya dawo neman ta hannu.

Gwani a wannan sana'a ba ya fara nuna kaya. Tambaya yake fara yi. In dattijo ne ya shigo da 'yarsa, zai ce, Baba, wane fanni take karanta? In matashi ne, zai ce, ɗan'uwa, me za ka riƙa yi da ita? Rubutu ne da bincike a intanet, ko CorelDRAW da Photoshop, ko Premiere Pro, ko haɗa kiɗa a FL Studio? Awa nawa kuke samun wuta a unguwarku? A gida za ta zauna ko kullum tana jaka? Mai saye yakan ƙosa da waɗannan tambayoyi, ya ce shi dai Core i7 yake so, haka aka ce masa ya tambaya. A nan ake gane mai shagon kirki. Wani zai miƙo masa i7 ɗin ya karɓi kuɗinsa, kuma bai yi masa ƙarya ba. Wani kuwa zai ja kujera ya ce, zauna in nuna maka wani abu.

Abin da zai nuna masa shi ne lambar da ke bayan sunan. Firosesar Intel janareshan-janareshan take fitowa, kuma lambar farko, ko biyun farko, ita ke faɗin wanne ne: i7-7500U ta bakwai ce, i5-8250U ta takwas, i5-1135G7 kuwa ta sha ɗaya. Har zuwa janareshan na bakwai, firosesar da ake saka wa yawancin ƙananan laftof ƙwayoyin aiki biyu ne a cikinta, ko da an rubuta mata i7. A 2017 da na takwas ya fito sai suka koma huɗu. Ke nan i5 ta janareshan na takwas ta fi i7 ta na bakwai ƙarfin aiki nesa ba kusa ba, alhali a kasuwa sau da yawa i7 ɗin ake tsawwala wa kuɗi saboda suna. Akwai kuma dalili na biyu da ya sa na takwas ya zama iyaka. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, a ƙa'ida sai firosesar Intel ta janareshan na takwas zuwa sama take karɓa, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Ita kuwa Windows 10, Microsoft ya tsayar da tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Yaran shago sun iya dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta, tana kuma tashi, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata gyare-gyaren tsaro ba. A ganina, mai shagon da ya sayar wa ɗalibi EliteBook 840 G3 a yau da sunan ta matsakaicin kuɗi, bai faɗa masa wannan ba, ya rage masa wani abu daga haƙƙinsa. G5 ce farkon inda ya kamata a fara magana, ko Latitude 7490, ko ThinkPad T480, in aljihu ya kai kuma a ƙara gaba zuwa janareshan na sha ɗaya ko Ryzen 5000.

Sai maganar ram da ma'aji. Giga 8 na ram ya isa rubutu da bincike da kallon darasi. Mai zane ko tace bidiyo kuwa giga 16 ne wurin zamansa. Ma'aji dole ya zama SSD, giga 256 a ƙalla, 512 ya fi kwanciyar hankali. Tsohon hadis mai juyawa, ko da tera guda ne, shi ke sa kwamfuta ta yi minti biyu tana tashi. Abin da gwani ya sani wanda takardar talla ba ta faɗa shi ne ko ram ɗin ana iya ƙara shi. T480 da 840 G5 gurbi biyu gare su, yau ka saya da giga 8, baɗi in Allah ya hore ka ƙara. ThinkPad X1 Carbon kuwa, duk kyanta da rashin nauyinta, an liƙe nata ram a jikin bod, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Kuma ga wanda ba shi da katin hoto na daban, sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya na giga 16 saurin sarrafa hoto, domin firosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda.

A nan ne kuma mai shago kan yi fama da masu cewa su sabuwa dal suke so a kwali, ko da kuɗin bai kai ba. Sabuwar da wannan kuɗi zai iya saya sau da yawa mai firosesar Celeron ce, ram giga 4, ma'aji giga 64 da aka liƙe a ciki, jikin roba. Tana da kyan gani ranar farko. Wata uku ba za su cika ba sabunta Windows kaɗai ya cinye ma'ajin.

Inda na fi ganin an zalunci masu aikin ƙirƙira shi ne allo, domin shi ne abin da ba a tambaya. Mutum zai yi ciniki a kan firosesa na rabin awa, bai ko karkata murfin ya ga yadda launi ke sauyawa ba. Kamfanonin da suka fara sayen waɗannan kwamfutoci ma'aikatan lissafi da wasiƙu suka saya wa, don haka da yawa sun zo da allo mafi arha: mai ɗigo 1366 a kwance 768 a tsaye, irin TN, wanda in ka ɗan sunkuyar da shi fuskar mutum ta koma toka-toka. Mai zane yana bukatar 1920 da 1080, irin IPS, wanda launinsa ba ya gudu ko ta wane gefe aka kalla. Ko a cikin IPS ɗin ma akwai hawa-hawa. Wani allon kashi sittin da 'yan kai na ma'aunin launin sRGB yake iya nunawa, wani kuma kusan duka. A kan na farko, jan da mai zane ya zaɓa wa katin ɗaurin aure zai fito masa a dusashe, sai ya ƙara masa ƙarfi, in an buɗe a wayar amarya sai a ga ja mai kashe ido. Haka mai tace bidiyon biki zai yi ta gyaran hasken fatar mutane a kan allon da ba ya faɗa masa gaskiya. Lamba ɗaya ce a jikin murfi, 840 G5 ko 7490, amma allon da ke ciki ya bambanta daga wannan zuwa waccan, kuma sai wanda ya daɗe yana buɗe su yake ganewa da kallo ɗaya. Mai shagon da ya ajiye biyu gefe da gefe, ya buɗe hoto iri ɗaya a kansu, ya ce wa mai saye duba da idonka, ya yi masa abin da babu wata takarda da za ta yi masa.

Game da bidiyo, gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce ƙaramar laftof tana da iyaka. Bidiyon 1080 na waƙa ko talla ko shirin YouTube za ta tace shi lafiya lau in tana da ram giga 16, musamman daga janareshan na sha ɗaya da ya zo da sashen hoto na Iris Xe. Amma wanda zai zauna a kan fim mai dogon zango na Kannywood da aka ɗauka a 4K, ya jera launi da rubutu da sauti hawa-hawa, yana bukatar katin hoto na Nvidia, kuma wannan yana zuwa da nauyi da zafi da cin batir. Mai gaskiya zai ce masa, maigida, wannan aikin naka ba na ƙarama ba ne, ko da hakan na nufin cinikin ya koma shagon maƙwabci.

Masu ƙera waɗannan na'urori ba su yi lissafin watan Afrilun Kano ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba su kuma yi lissafin ƙurar hunturu ba. Siririyar laftof fankarta ƙarama ce, in ta toshe da ƙura firosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, mai ita ya yi ta zargin bairos. Saboda haka shagon kirki ba ya ɗora kaya a kanta sai ya kwance, ya busa fanka, ya goge busasshen man da ke kan firosesa ya shafa sabo. Yana kuma gaya wa mai saye kada ya ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Batir kuma a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba abin wasa ba ne. Ba a yarda da cewa tana yin awa biyar. Akwai umarnin da ake rubutawa a Windows, powercfg /batteryreport, ya fito da ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. In ya sauka ƙasa da kashi saba'in cikin ɗari, sai a saka kuɗin sabon batir cikin ciniki. Wadda ke caji ta USB-C ta fi amfani a wurinmu, domin fawa bank mai wat 65 zai iya ɗaukarta in dare ya yi babu wuta. Caja ma a duba ta asali ce. Kwamfutocin Dell sukan gane cajar da ba tasu ba, su ƙi cika batir ko su rage gudu.

Kibod kan zo da nasa labarin. Kayan Ingila da na Amurka jerin haruffansu ɗaya ne, bambancin a 'yan alamomi ne, amma na Jamus Z da Y sun yi musayar wuri, na Faransa kuma da AZERTY yake farawa. Wasu dillalai kan manna sitika a kai, wata biyu ta fara ɓarewa. Abin da ɗan Kano zai ƙi kuwa shi baƙo daga Maraɗi ko Damagaram yake nema, domin da jerin Faransanci ya koyi bugu a Nijar, kuma mai shagon da ya san abokan cinikinsa yakan ware masa irinsu. Marubucin Hausa kuma ba ya bukatar wani kibod na musamman domin ƙ da ɗ da ɓ, akwai tsarin Hausa a cikin Windows, kunna shi kawai ake yi, kodayake ba kowane yaron shago ya san da shi ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai ɓata-gari a sana'ar, kuma su ke sa mutane shiga kasuwar da fargaba. Sitikar i7 ana sayar da ita. Sunan firosesar da ke fitowa a shafin bayanin Windows ana iya sauya shi da hannu, shi ya sa masu sani suke shiga BIOS su duba. Ana haɗa kwamfuta ɗaya daga gawar uku a kira ta Landan yus. Akwai wadda ruwa ya taɓa shiga, aka busar, za ta yi sati biyu ta mutu. Akwai kuma matsalar kulle, wadda wani lokaci shi kansa mai shagon bai san da ita ba: kwamfutar da kamfanin da ya sayar bai cire ta daga rajistarsa ba, tana aiki lafiya har ranar da aka sake mata Windows aka haɗa ta da intanet, sai ta nemi a shiga da sunan ma'aikacin wani kamfani a wata ƙasa. MacBook ma in tsohon mai ita bai fita daga iCloud ɗinsa ba, ta zama kayan gyara. Maganin duka ɗaya ne, a goge ta a sake ɗora mata komai a cikin shagon, a haɗa da intanet, a gwada kowane maɓalli da kowace kafa da kyamara da lasifika, a buɗe farin shafi da baƙi a nemi tabo. Mai shagon da ya amince da kayansa ba ya jin haushin wannan, shi ma yakan ce a yi. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin waranti a rubuce. Shi ma mai shago rasit yake nema in wani ya shigo da laftof a hannu zai sayar, domin sayen kayan sata ya kai mutanen kirki ofishin 'yan sanda.

MacBook Air mai M1, wadda Apple ya fitar a watan Nuwamban 2020, ta shigo sahun matsakaicin kuɗi a kasuwar 'yan hannu, kuma ta cancanci son da ake mata. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ba ta da fanka balle ƙura ta toshe, allonta mai kyau ne, batirinta na kai mutum yini. Ga mai tace gajeren bidiyo ko haɗa sauti, da wuya a samu kamarta a kuɗinta. Sai dai ba a ƙara mata ram ko ma'aji, gyaranta da tsada, kuma mai zanen da kullum yake kai aiki wurin masu buga takardu, inda CorelDRAW a kan Windows ta yi kaka-gida, gara ya yi tunani sau biyu.

Ba a makaranta ake koyon yawancin wannan ba. Yaro yakan fara da share shago da goge gilashi da aike, a tura shi shagon wane ya karɓo caja ko allo. Daga nan a bar shi ya ɗora Windows da manhajoji, sai sauya ram da kibod, sai allo, wanda ke bukatar hannu mai taushi domin igiyarsa siririya ce. Yana tsaye yana jin yadda ubangidansa ke magana da hajiyar da ta zo saya wa ɗanta, da yadda yake magana da injiniyan da ya fi shi sanin lambobi. Bayan shekaru, in ya yi riƙon amana, a yaye shi da 'yan kaya ko a tsaya masa wurin dila a Legas ya fara karɓa bashi. Akwai kuma 'yan kayi-nayi da ke tare mutum tun daga bakin titi, ba su da shago, la'ada suke ci, wasunsu sun san kaya sosai, wasu kuwa ƙarin kuɗi ne kawai a kan mai saye. Ribar laftof ɗaya ba ta da yawa in aka cire haya da man janareta da wadda aka dawo da ita cikin waranti. Abin da ke riƙe shago shi ne wanda ya saya ya dawo gyara, ya dawo musaya, ya kawo ƙaninsa da abokin aikinsa. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa da makarantu ma sun zama manyan abokan ciniki, masu saye da yawa a lokaci guda.

Kayan da ke shigowa yanzu sun fara sauya aikin. Sababbin sirara da kamfanonin waje ke amfani da su yau, su ne za su cika kantocin Titin Beirut nan da shekara uku ko huɗu, kuma da yawansu ram a liƙe yake, caji ta kafar USB-C da ke manne a bod, in ta karye ba a zare ta a saka wata da sukurdireba. Tsohuwar hanyar sayo mai giga 8 a ƙara mata a sayar da riba tana ƙanƙancewa. Shi ya sa a bayan wasu shagunan yanzu za ka ga teburin da babu shi a da, da madubin ƙara girma da na'urar hura iska mai zafi da mita, da matashi yana bin zanen bod a waya yana neman ƙwayar da ta ƙone. Da yawansu daga gyaran waya suka faro a Farm Centre, inda aka daɗe da sabawa da irin wannan ƙaramin aiki, kuma masu shagunan laftof sun fara tura nasu yaran wurinsu su koyo.